Ɗakin da Ya Fi Ko'ina Ɗumi a Gidanmu

Assalamu alaikum Anti,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na kai inda ban san wanda zan kai wa kukana ba. In na ce wa abokaina damuwata a kan na'urar ɗumama gida ce, lambar mai gyara za su ba ni. In kuma na faɗa musu ainihin abin, sai su sunkuyar da kai su ce in yi haƙuri. Haƙurin ina yi. Abin da zan yi gobe da safe ne ban sani ba.

Ni ma'aikacin asibiti ne, a sashen ɗaukar hoton ƙashi. Matata malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, har ni. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, kuma da ciwon sikila ta zo duniya. Da likita ya yi mana bayanin jininmu, sai muka haƙura da ita kaɗai. Tun tana ƙarama ba ta shiri da sanyi. Iska ta ɗan kaɗa, ko ta taka tayil ba takalmi, kafin yamma ƙasusuwa sun fara ciwo. Zafin ma bai ƙyale ta ba, in ta yi gumi da yawa jikinta ya bushe, ciwon ya tashi. Kullum a naɗe take, shi ya sa muke ce mata 'Yar Bargo, kuma sunan ya bi ta har jami'a.

Inda muke zaune akwai watannin sanyi mai ratsa ƙashi, akwai kuma na zafi mai hana sakat. Da muka samu gidan da muke ciki, bene mai hawa ɗaya, abin da na fara yi kafin ko labule shi ne sa na'ura guda mai ɗumama gida da sanyaya shi, wadda take tura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki. Mai haɗawar ya raba mana gidan kashi uku, kowane kashi da nasa saitin. Sama, inda ɗakinmu yake. Ƙasa, wato falo da kicin da wani ɗan ɗaki a gefen gareji. Sai ɗakin 'Yar Bargo shi kaɗai, a ƙasa, saboda hawa matakala yana taɓa mata ƙugu. Bangon ɗakin nan sai da na sa aka ninka shi, tagar ma gilashi biyu ce. Ko duniya za ta daskare a waje, ɗakin nan yana nan yadda aka ce masa.

Akwai ɗan allo a bangon korido, daf da ƙofar kicin, wanda da shi ake saita komai. Ni da Malama ba mu taɓa gane kansa ba. Yarinyar ce ta zauna da shi wata ranar hutu, ta tsara wa kowane kashi lokacinsa, har ta raɗa musu suna. Ƙasa ta sa masa "Kasuwa", wai don hayaniyarmu. Sama ta sa "Tsofaffi". Nata kuwa "Ba Shiga". Uwarta ta ce mu ne tsofaffin? Yarinyar ta ce to a kawo shaidar ƙuruciya ta gani. Ta saita nata yadda zai fara hura ɗumi kafin ta tashi shirin makaranta, don kada ta sauko daga gado cikin sanyi. Kowace safiya sai ka ji wata 'yar ƙara ƙas a cikin silin, sannan iska ta fara. Da wannan ƙarar muke sanin ta kusa fitowa ta ce ina shayinta.

A sanyin bara ciwon ya kama mata ƙirji. A asibitin da nake aiki aka kwantar da ita, abokin aikina ne ya ɗauki hoton, ni kuma na gani kafin likita ya gani. Na shekara da shekaru ina kallon irin hoton nan, na san abin da yake nufi. Ba ta dawo gida ba. Tana shekararta ta biyu a jami'a.

Tun daga nan Malama ta ja ƙofar ɗakin ta rufe. Ba ta kulle da makulli ba, kuma ba ta hana kowa shiga da baki ba, amma kowa ya gane. Ita ma ba kullum take shiga ba, sai ranar da za ta share. Na'urar kuwa ta ci gaba da aikinta. Da zafi ya zo ta sanyaya ɗakin daidai yadda mai shi take so, da sanyi ya dawo ta koma ɗumamawa. Da safe in ƙas ɗin nan ta yi, ina ganin Malama ta tsaya da abin da take yi a kicin, ko cokali ne a hannunta, sai iskar ta kama sosai sannan ta ci gaba. Ban taɓa ce mata komai ba. Ni ma ina da nawa. In na dawo daga aiki nakan daɗe a cikin mota a gareji kafin in iya shiga gidan.

To, a farkon sanyin bana surukata, mahaifiyar Malama, ta faɗi a banɗaki ta samu tsagewar ƙashi. Inna muke ce mata. Ba ta iya zama ita kaɗai kuma, sai muka ɗauko ta. Matakala ba ta hawuwa gare ta, saboda haka ɗan ɗakin gefen gareji muka gyara mata. Anti, ɗakin nan don ajiyar kaya aka yi shi. Bangonsa ɗaya na gareji ne, ɗaya na waje, kuma shi ne a can ƙarshen bututu, iskar da take isa gare shi ba ta fi numfashi ba. Ga shi allon da yake auna zafin ƙasa yana bakin kicin. Da an kunna murhu sai ya ɗauka ko'ina ya yi ɗumi, ya tsayar da na'urar, ɗakin Inna ya koma kamar firji. In na ƙara saitin don ita, falo ya yi turiri, zafin ya bi matakala ya haye sama, mu kasa numfashi, mu buɗe taga, ɗakinta kuma da ƙyar ya ɗan sassauta. Na yi ta jujjuya abin nan har na gaji.

Inna ba ta ƙorafi. Safa biyu take sawa, ta ɗora rigar sanyina a kan tata. In na tambaye ta sai ta ce, "Sanyin tsufa ne ɗan nan, ba na gidanku ba ne." Wata safiya na sauko na same ta a kicin, ta jingina da sandarta, ta kara tafukanta a jikin butar shayi. Da ta gan ni sai ta yi sauri ta janye, ta ce wai dubawa take ko ya tafasa. Bayan 'yan kwanaki tari ya kama ta, sai da aka ba ta maganin ƙirji. Ni da na san abin da ƙirji ya yi mini, tarin nan in na ji shi ta bango sai tsoro ya kama ni.

Na sami Malama na ce, ga ɗaki can mafi ɗumi a gidan nan ba kowa a ciki, ga mahaifiyarki tana rawar ɗari a ɗakin kaya. Mu mayar da ita can. Sai ta ce za ta sayo wa Inna wani bargon. Na sake tayar da maganar bayan mako guda, ta tashi ta bar mini wurin.

Sai na yi tunanin wata dabara. Na ce tunda ba za a shiga ɗakin ba, bari in kashe nasa kashin, wataƙila iskar da ake turawa can ta ƙaru a sauran ƙasan, Inna ta samu. Ranar ba ni da aiki, Malama tana makaranta. Na tsaya gaban allon nan ina ta danne-danne ina neman inda ake kashewa. Ban san abin da na riƙe ba, sai allon ya ɗauke ya yi baƙi, ya dawo da wasu rubuce-rubuce irin na ranar da aka kawo shi daga kamfani. Babu Kasuwa, babu Tsofaffi, babu Ba Shiga. Lambobi kawai. Lokutan da ta tsara duk sun goge. Na kira mai gyara, ya zo ya duba, ya ce zai iya sake saitawa, ya rubuta kowane suna nake so, amma na da ɗin ya tafi, ba a ajiye shi ko'ina ba. Ya kuma ce dabarar tawa ma ba za ta yi aiki yadda nake zato ba, iskar sai dai ta taru a bututu tana ƙugi. Na ce ya bar shi haka, don ban ga yadda zan sa wani ya kwaikwayi rubutunta in yi shiru ba.

Da Malama ta dawo ta ajiye jakarta, ta zo wucewa ta korido, idonta ya faɗa kan allon. Ta tsaya. Na fara bayani, ina cewa don Inna na yi, kuskure ne. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Shi kaɗai ne abin da ya rage yana motsi da hannun 'yata." Ta hau sama.

Washegari da safe ƙas ɗin ba ta yi ba. Na ga Malama a kicin tana jira, ta san ba za ta yi ba, amma tana jira.

Yau kusan wata guda ke nan. Tana dafa abinci, tana gaishe ni, tana yi wa Inna wanka da gashin ƙafa, amma tsakanina da ita ba abin da ya wuce "an gama" da "sai na dawo". Ɗakin yarinyar ya yi sanyi, na Inna bai yi ɗumi ba. Inna ta lura, har ta fara cewa a mayar da ita gidanta ta ji sauƙi, alhali ko banɗaki ba ta iya zuwa ba sanda.

Anti, wani lokaci sai in ji haushi ya taso mini, in ce ya za a fifita ɗakin da ba kowa a kan tsohuwa mai rai. Wani lokaci kuma in ji ni ne na sake kashe mata 'ya. Ni ma fa 'yata ce. Ni na riƙa ɗaukar ta a kafaɗa ina zagaya falo da ita in ciwon ya hana ta kwanciya. Shin in dage a mayar da Inna ɗakin ko da ran Malama zai ɓaci? Ko in ƙyale, in zuba ido tsohuwa tana tari? Kuma ta yaya ake ba da haƙuri a kan abin da ba ya dawowa?

Naki,
Baban 'Yar Bargo


Wa alaikumus salam Baban 'Yar Bargo,

Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara, ya ba ka haƙuri kai da mahaifiyarta. Na karanta wasiƙarka na ajiye, sai da na sake ɗauka kafin in iya amsawa.

Bari mu fara da Inna, domin nata ne ba ya jira. Kuskuren da kuka yi ku biyu shi ne ɗaure lafiyarta da maganar ɗakin marigayiya, kamar ba wata hanya sai wannan. Akwai. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka samo hita ta lantarki irin mai mai a ciki, wadda ba ta da wuta a fili kuma take kashe kanta in ɗaki ya yi ɗumi. Ka ajiye ta nesa da labule da bargo, ka tabbata wayarta ba ta ratsa hanyar da Inna take bi da sanda ba. Kada a kuskura a kai mata gawayi ko risho ko gas a rufaffen ɗaki. Ka toshe kafofin taga, ka shimfiɗa kafet mai kauri wanda ba ya zamewa, ka janye gadonta daga bangon gareji. Tarin kuma in bai tafi ba a koma wurin likita, kai ka fi ni sanin dalili.

Ni ba injiniya ba ce, amma na tambayi wanda aikinsa ke nan. Ya ce rufe wani kashi don wani ya samu ba ya gyara gida, sai dai ya takura na'urar, kamar yadda mai gyaranka ya gaya maka. Abin da ya kamata shi ne a ɗauke ma'aunin zafin daga bakin kicin, ko a ƙara wani ƙarami a ɗakin Inna, don na'urar ta daina jin zafin murhu tana zaton na gida ne. A daidaita marafan cikin bututu yadda ɗakin ƙarshe zai samu rabonsa, a duba ko bututun yana yoyon iska a hanya, a ninka bangon garejin, a bar 'yar kafa a ƙarƙashin ƙofa don iska ta samu hanyar komawa. Labule mai nauyi a bakin matakala zai rage zafin da yake haye muku sama. Ya ƙara da wata magana da nake so ka riƙe: a wasu gidajen ana iya jan bututu daga wani kashi zuwa ɗakin da ke kusa. Ka tambayi mai gyaranka ko za a iya haɗa ɗakin Inna da kashin marigayiya. In ya yiwu, ɗumin da ake hura wa ɗakin jikar zai isa ga kakar ba tare da an buɗe ƙofar ba. Amma wannan kada ka taɓa shi sai Malama ta ce to da bakinta.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Kana da gaskiya cewa mai rai yana gaba da ɗaki, kuma tsoron da tarin Inna yake ba ka ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga abin da ka gani. Ba mugunta ce ta kai hannunka allon nan ba. Sai dai ka yi abin a bayan idonta, ranar da ka san ba ta nan, bayan ta nuna maka sau biyu cewa ba ta shirya ba. Ko da allon bai goge ba, da ta ji ciwon wannan.

Ita ma Malama ba rashin tausayin uwarta ne yake damunta ba. Matar da take yi wa tsohuwa wanka da gashi kullum ba ta manta da ita ba. An sa ta ne a tsakanin uwarta da 'yarta aka ce ta zaɓa, ita kuwa ba ta iya ba. Amma zan faɗa mata gaskiya in tana karanta wannan: ƙarin bargo ba amsa ba ce ga tsohuwa mai tari, kuma mijinki bai fi ki ƙarfin zuciya ba, ya dai fi ki iya ɓoyewa.

Ka tambaye ni yadda ake ba da haƙuri a kan abin da ba ya dawowa. Ana bayarwa ne ba tare da "amma" ba. Ranar da abin ya faru bayani ka yi mata, kuma bayani kare kai ne, ko da gaskiya ne. Ka nemi lokacin da ba ta gaji ba, ka zauna kusa da ita, ka ce ka san abin da ka goge, ka san ba zai dawo ba, kuma kana jin zafinsa. Kada ka ambaci Inna a wannan zaman ko sau ɗaya. Sannan ka gaya mata abin da ka gaya mini, ni baƙuwa, wanda ita ba ka gaya mata ba: zamanka a mota, da hoton da ka riga likita gani. Ina kyautata zaton tana ganin ita kaɗai take makoki a gidan, kai ka wuce wurin tuntuni har kana lissafin ɗakuna. Ka sa ta san ba haka ba ne. Ka yi daidai da ka hana mai gyara sake rubuta sunayen a ɓoye. In wata rana ta so a mayar da su, ko a mayar da lokacin safiyar, ku tsaya gaban allon tare ku yi da hannunku. In ba ta so ba, a bar shi.

Akwai kuma wadda ba wanda ya tambaya a duk labarin nan. Inna jika ta rasa. Ka tabbata tana son kwana a gadon yarinyar? Wataƙila tana so, wataƙila kuma ko an ba ta ba za ta iya ba. Maganar komawa gida da take yi alama ce ta fara ganin kanta a matsayin sanadin ɓacin ranku, kuma wannan ya fi sanyi illa ga tsoho. Ka ce mata a fili ba ita ba ce, kuma ba inda za ta. In ɗakinta ya yi ɗumi, hankalin kowa ya kwanta, ka bar uwa da 'ya su yi maganar ɗakin a tsakaninsu. Akwai abin da Malama za ta iya ji daga bakin wadda ta haife ta wanda ba za ta iya ji daga naka ba.

Kada ka sa wa buɗe ƙofar nan wa'adi. Shekara guda ba komai ba ce a rashin ɗa, balle tilo. Amma in watanni suka ci gaba da tafiya kuna gaisuwa kamar maƙwabta, ku nemi wanda ya san aikin rarrashin masu makoki, ko wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa, ku je tare. Kun yi shekaru kuna jinya kafaɗa da kafaɗa, kun san kwanan asibiti, kun san jiran sakamako. Mutanen da suka iya wannan tare bai kamata kowa ya koma kusurwarsa ya yi kuka shi kaɗai ba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sanyaya zuciyar Malama da taka, ya haɗa ku da 'yarku a inda ba ciwo. Ka gaishe mini da su.

Anti